Yadda za ka lissafa tafiyar jirgi daga Kano zuwa Guangzhou

Masu zuwa saro kaya China karon farko sun cika tambayar awa nawa ne daga Kano zuwa Guangzhou, wani ya ce musu 15, wani ya ce ai kwana guda ne, kuma kowa da gaskiyarsa don ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba.

Fara da nisan. A miƙe kusan kilomita 11,000 ne, amma babu jirgin da zai ɗauke ka daga filin Malam Aminu Kano ya dire ka filin Baiyun na Guangzhou kai tsaye, dole sai ka yada zango. Da yawa ta Addis Ababa suke bi da Ethiopian Airlines, to sai ka raba tafiyar biyu. Kano zuwa Addis wajen kilomita 3,300, Addis zuwa Guangzhou wajen 8,000. Manyan jiragen nan suna cin kamar kilomita 850 a awa, raba nisan da wannan ka ƙara rabin awa na tashi da sauka, zangon farko zai ba ka awa 4 da rabi, na biyu wajen 10. Awa 15 ɗin da ake faɗa ke nan, zaman cikin jirgi zalla.

Inda ake rikicewa shi ne tikiti. Duk lokacin da aka rubuta a jiki agogon garin ne, ba na gida ba. Habasha ta riga Najeriya da awa 2, China kuma awa 7 cif. A ce tikitinka ya nuna tashi ƙarfe 1 na rana, sauka ƙarfe 4 na yamma washegari, kana ƙirgawa ka ga awa 27 hankalinka ya tashi, a'a malam, cire 7, saura 20, cikinsu 15 a sama, sauran kana zaune a filin Bole na Addis kana jira. A dawowa kuma ƙara bakwan za ka yi, ba cirewa ba, sannan jirgin kan ɗan fi daɗewa saboda iskar sama galibi daga yamma take kaɗowa, yana gaba da ita.

Ni dai shawarata kar ka yi kwaɗayin tikitin da jiransa bai kai awa biyu ba, jirgin farko ya ɗan makara shi ke nan na biyu ya tafi ya bar ka. Wanda ya zarce awa takwas kuma tambayi ejan ɗinka ko akwai otal a ciki kafin ka biya.

Batun sallah ma, tunda gabas ka nufa lokuta za su riƙa riskar ka da wuri, asuba ta yi tun jikinka na cewa tsakar dare ne, don haka ka yi alwala tun a Bole. In kuma Canton Fair za ka, wato babbar kasuwar baje kolin Guangzhou, ta Afrilu ko ta Oktoba, sauka da kwana ɗaya kafin ranar da kake son shiga kasuwa, barcin awa bakwan nan sai ka biya shi.