Yadda ƙungiyar kurket ta ƴan sha'awa za ta shirya tafiya gasa daga Maraɗi zuwa ƙetare

Masu buga kurket, wato wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, ba su da yawa a Maraɗi, kuma galibinsu sun koyo wasan ne a wajen karatu ko fatauci a Najeriya da Indiya, suka dawo suka koya wa abokansu a filin unguwa. Tun da Nijar ba ta cikin Hukumar Kurket ta Duniya, babu wata gasa ta ƙasa da za a jira, don haka ƙungiyar da take son ta auna ƙarfinta dole ne ta tsallaka iyaka. Mafi kusa ita ce Najeriya, wadda ta shiga hukumar a 2002, matasanta ƴan ƙasa da shekara 19 kuma suka buga gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020. Irin wannan tafiya ta ƴan sha'awa ba gwamnati ke ɗaukar nauyinta ba, kowa daga aljihunsa yake fitarwa, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ya ja ragamar duk shawarar da za a yanke.

A fara da neman takardar gayyata a rubuce daga masu shirya gasar, mai ɗauke da ranaku, sunan fili, kuɗin rajista da sa hannun wani da za a iya kira. Saƙon murya a WhatsApp ba ya wadatarwa, domin jami'in kan iyaka takarda yake son gani. A cikin amsar da za a mayar, a yi tambayoyi uku waɗanda ƙungiyoyi da yawa suke mantawa: zagaye nawa kowane ɓangare zai buga, da wace irin ƙwallo, kuma a kan wane irin dandali. Yawancin gasannin zumunci suna bin tsarin T20, wato zagaye 20 ga kowace ƙungiya, kowane zagaye jifa 6, wasan yakan ɗauki kusan awa 3. Amma akwai masu rage shi zuwa zagaye 10 don a buga wasanni da yawa a yini ɗaya, kuma shirin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne.

Maganar ƙwallo ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A gida mun saba da ƙwallon tanis da ake naɗe ta da salatif na lantarki, dabarar da ta samo asali a Karachi ta ƙasar Pakistan, kuma ta yi mana rana domin tana da arha, ba ta kuma karya ƙashi. Ƙwallon gasa dabam take: fata ce da aka ɗinke a kan ƙullutu mai tauri, nauyinta tsakanin giram 156 da 163, tana da ɗinki a tsakiya wanda yake sa ta kauce bayan ta daki ƙasa. Wanda bai taɓa cafe ta ba yakan janye hannu ba da saninsa ba a karo na farko, wanda kuma bai taɓa fuskantar ta da sanda ba yakan ja da baya daga turaku uku da yake karewa. Ra'ayina shi ne kada ƙungiya ta karɓi gayyatar gasar ƙwallon fata sai ta yi aƙalla wata biyu tana atisaye da ita. Rairayin Maraɗi yana shanye ƙarfin ƙwallo, saboda haka a nemi daɓen siminti ko ƙasa mai tauri, a auna tsawon mita 20 da ɗan ɗoriya tsakanin turaku da turaku, a shimfiɗa tabarma mai kauri a kai, a riƙa jifa da bugu a nan. A saba da sa hular kwano, safar hannu, makarin ƙwauri da makarin gaba tun a gida, domin gudu da waɗannan kaya a jiki shi ma sai an koya. Ba lalle ne kowa ya mallaki nasa ba. Saiti uku ko huɗu na ƙungiya sun isa a riƙa karɓa-karɓa, ban da makarin gaba, wanda ya kamata kowa ya sayi nasa.

Sai kuɗi. A zauna a lissafa mota, masauki, abinci, rajista da kayan wasa, a ƙara wani abu a kai saboda larura, sannan a raba jimillar a kan waɗanda za su tafi. Zubi irin na adashi, mako-mako har wata uku ko huɗu, ya fi sauƙi ga ɗalibi da mai ƙaramar sana'a a kan a ce ya kawo duka a rana ɗaya. A naɗa ma'aji wanda ba shi ne kyaftin ba, ya riƙe littafi, ya karanta abin da ya shigo a gaban kowa a kowane zama. Idan wani ɗan kasuwa ya ba da gudummawa, a rubuta ta a littafin kamar kowane zubi. Sefa tana ɗaure da kuɗin Yuro, naira kuwa tana hawa tana sauka, don haka kada a canza kuɗin duka tun da wuri. A canza abin da zai kai ƙungiya masauki, sauran a riƙa canzawa gwargwadon buƙata, kuma a raba su a hannun mutum biyu.

Daga wannan zubi ne wata matsala take tasowa, wadda ta fi wargaza ƙungiyoyi a kan shan kaye. Mutum 11 ne suke shiga fili, amma tafiya tana buƙatar 14 ko 15 saboda rauni da gajiya. Duk waɗannan sun biya daidai wa daida, sun bar shago ko aji, kuma babu wanda ya yi haka don ya je ya riƙa kai wa wasu ruwa. Mun taɓa yin wannan kuskure: muka kai wasan kusa da na ƙarshe, kyaftin ya ajiye mutum uku a wasanni biyu a jere don yana son nasara, ɗaya daga cikinsu bai sake zuwa atisaye ba har yau, kuma har yanzu abin yana damuna. Saboda haka a yanke ƙa'ida tun a Maraɗi, kafin kowa ya zuba ko dala: kowane ɗan wasa zai buga aƙalla wasanni kaza, kuma a wasannin rukuni za a riƙa juya jerin masu bugu domin wanda yake na goma ya samu ranar da zai shiga da wuri. A rubuta, kowa ya sa hannu. Idan ƙungiya ta ga cewa a wasan ƙarshe gwanaye kawai za a zaɓa, babu laifi, muddin an faɗa tun kafin a hau mota.

Takardun tafiya suna son a duba su da kyau a wannan zamani. Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, kuma ƙa'idojin shige da fice suna iya sauyawa, don haka sakataren ƙungiya ya je ofishin ƴan sanda masu kula da kan iyaka ya tambayi abin da ake nema a lokacin, kada ya dogara da labarin tasha. Kowa ya tanadi fasfo ko katin ɗan ƙasa da bai ƙare ba, da katin rigakafin shawara, wanda ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allura. Duk wanda bai kai shekara 18 ba, a karɓo masa izinin iyaye a rubuce. A yi jerin sunaye guda, da jerin kayan wasa guda, saboda jami'an duwan suna iya ɗaukar sanduna da huluna sababbi a matsayin hajar sayarwa idan babu bayani.

Hanyar da aka saba ita ce Ɗan Isa zuwa Jibiya, sai Katsina, daga nan Kano, Kaduna ko Abuja. Yankin Jibiya ya sha fama da ƴan bindiga, saboda haka a tashi bayan sallar asuba, a bi shawarar direbobin da suke bin hanyar kullum, kada dare ya riski mota a daji ko da hakan zai jawo ƙarin kwana. A isa kwana ɗaya kafin wasan farko domin a ga fili. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa. Da damina ruwa yana katse wasa, da bazara kuwa tsayuwar awa uku a rana ba ƙaramin abu ba ne.

A fili, Hausa za ta wadatar wajen gaisuwa da ciniki har Kaduna, amma dokokin wasan, waɗanda ƙungiyar MCC ta Landan take kula da su, da Ingilishi ake zartar da su, mu kuwa Faransanci muka yi a lakwal. A samu mutum ɗaya mai jin Ingilishi ya tsaya kusa da kyaftin wajen jefa kwabo da magana da alƙalai biyu. A sanar da kowa cewa alƙali ba ya fitar da mai bugu sai ƴan ƙungiyar da take jifa sun ɗaga murya sun nemi hukunci, kuma da zarar ya ɗaga yatsa, alamar mai bugu ya fita, magana ta ƙare, babu musu. Masu bugu biyu kuwa, idan za su yi gudu tsakanin turaku don samun maki, su yi kiran junansu da Hausa, «zo», «tsaya», «a'a», da ƙarfi kuma sau ɗaya. A tafi da marubucin maki na ƙungiya, ya zauna gefen na abokan karawa, su riƙa daidaita lissafi a ƙarshen kowane zagaye.

Al'adar kurket ce ƙungiyoyi biyu su zauna su ci abinci tare bayan wasa, kuma baƙo ba ya zuwa hannu sake. Ƙunshin kilishi da ƙuli-ƙulin Maraɗi sun isa tsaraba ga masu masauki, kuma a wannan zaman ne ya dace shugaban ƙungiya ya gayyace su zuwa Maraɗi, a tsayar da wata tun a wurin. Bayan an dawo, kada mako ya wuce ba a kira taro ba: ma'aji ya karanta abin da aka kashe da rasit a hannu, a mayar wa kowa rarar da ta rage ko a amince a bar ta a asusu, a ƙirga sanduna da huluna a mayar da su wurin mai ajiya.