Yadda Ake Haɗa Littafi da Intanet Wajen Koyon Japananci

Yawancin waɗanda na ga sun fara koyon Japananci suka watsar, yawan kayan karatu ne ya kayar da su. Mutum zai sauke manhaja biyar, ya bi malamai goma a YouTube, bayan wata uku ka tambaye shi, daga gaisuwa sai "sunana wane". Tsarin da nake ɗora kowa a kai shi ne littafi ɗaya ya ja gaba, intanet ta biyo shi a baya.

Fara da haruffa: hiragana 46, katakana 46. Samu littafin rubutu da biro ka riƙa rubutawa da hannu, ka duba bidiyo don ganin layin da ake fara ja. Sati biyu zuwa uku sun isa. Da ka iya su, ka rabu da karanta Japananci da haruffan boko. Wanda ya saba da su ba ya samun saurin karatu.

Sai littafi. Ga mai karatu shi kaɗai, Genki na ɗaya nake zaɓa. Darussa 12 ne, bayaninsa da Turanci. Minna no Nihongo yana da kyau, amma babban littafinsa Japananci ne zalla, sai ka sayi na bayanin nahawu daban, kuɗi biyu ke nan, ga kuɗin kawowa daga waje. In aljihu bai kai ba, Irodori na Japan Foundation kyauta ne, har da sautinsa. Wanda duk ka ɗauka, kada ka sauya shi a tsakiya.

Kowane darasi, kunne ne farko. In Genki ka ɗauka, saurari hirar da ke farkonsa ta manhajar OTO Navi mai ɗauke da sautin littafin, ka maimaita da babbar murya. Kalmomin darasin kaɗai za ka zuba a Anki, manhajar bitar kalmomi, goma a rana. Anki kyauta ce a Android da kwamfuta, a iPhone ne ake biya. In wani bayanin nahawu ya shige maka duhu, nemi wannan batun kaɗai a jagoran nahawun Tae Kim ko a bidiyo guda, da ka gane ka rufe wayar ka koma atisayen littafi.

Inda na fi ganin ana zubewa shi ne darasi na 6 na Genki, wurin siffar "te" ta aikatau. Taberu ya koma tabete, wannan da sauƙi. Amma kaku ya zama kaite, yomu ya zama yonde, matsu ya zama matte, iku kuma ya saɓa wa ƙa'ida ya zama itte. A nan ɗalibi ke cewa littafi ya yi tsauri, ya gudu zuwa manhajar Duolingo inda ake tafa masa kullum. Kada ka gudu, kada kuma ka tsallake. Roƙo, neman izini, jera aiki bayan aiki, da faɗin abin da kake cikin yi a darasi na 7, duk a kan wannan siffar aka gina su. Ba ta sati biyu. Kullum ka ɗauko aikatau goma daga darussan baya ka juya su a takarda, sannan ka nemi bidiyon da ɗan ƙasar ke furta su, ka bi shi. Kunnenmu na Hausa yana taimakawa nan, domin mun saba da baƙi mai ninki da dogon wasali. Bambancin kite da kitte da ke wahalar da Bature, kai za ka ji shi tun farko.

Kanji kuwa, wato haruffan da Japananci ya aro daga Sinanci, bi na bayan littafin da ke farawa daga darasi na 3, wanda ka manta ka duba a ƙamus ɗin intanet na Jisho. Bayan ka gama Genki na ɗaya, gwada labaran NHK News Web Easy da ake rubutawa da sassauƙan Japananci, ka fara shirin N5, matakin farko na jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT. Ana yin ta a Disamba, wasu ƙasashen har da Yuli.