Yadda ake buga Risk 2210 A.D. da abokai

Risk 2210 A.D. wasan yaƙi ne na kan allo da kamfanin Avalon Hill ya fitar a 2001, Rob Daviau da Craig Van Ness ne suka tsara shi. Tsohon Risk ɗin nan da aka ƙirƙira a Faransa a 1957 suka ɗauko suka cilla shi can gaba, zamanin da injuna ke yaƙi a madadin mutane, ana zaune a cikin teku har da duniyar wata. Mutum 2 zuwa 5 ke bugawa, amma gaskiya ku zama huɗu ko biyar ya fi armashi, kuma ku ware awa uku zuwa huɗu, in akwai sabon shiga ma ya kan wuce haka.

Kafin ku taɓa komai, wanda ya iya wasan ya faɗa wa kowa abu ɗaya da babbar murya: zagaye biyar kacal ake yi, daga shekarar 2206 zuwa 2210, ana gamawa a ƙirga maki. Ba sai ka share kowa daga doron ƙasa ba. Mafi yawan waɗanda ke shan kashi sun zo ne da tunanin tsohon Risk, su lafe a lungu suna tara soja suna jiran ranar fita, kafin su ankara an tashi.

To a shimfiɗa babban allo, a ajiye ƙaramin allon wata a gefe. A gauraya katin yankunan ƙasa a zaro huɗu, waɗannan huɗun sun ƙone tun a yaƙin baya, a ɗora musu alama, ba mai shiga ba mai ratsawa har a tashi. Kar ku raina wannan matakin, don shi ke sa taswirar yau ta bambanta da ta jiya, wani lokacin yanki ɗaya da ya ƙone sai ya toshe ƙofar nahiya guda. Sai a raba sojoji, su ake kira MOD: in ku uku ne kowa 35, ku huɗu 30, ku biyar 25. Kowa ya riƙa ajiye ɗaya bi da bi har yankunan ƙasa su ƙare, ragowar ka ƙara a inda kake so, teku da wata kuwa a bar su fayau. Kowa kuma zai samu tashar sararin samaniya ɗaya, kwamandan ƙasa, kwamandan diflomasiyya, da makamashi 3. Af, in kana neman gida a taswirar, ƙasar Hausa tana cikin yankin da suka sa wa suna Saharan Empire, kuma wuri ne mai zafi don yana kallon Turai da Kudancin Amurka a lokaci guda.

Makamashin nan shi ne kuɗin wasan, kuma a nan duk dabarar take. Farkon kowace shekara ana yin gwanjo: kowa ya ɓoye adadin da yake so a tafin hannu, ko da ba komai, a buɗe tare, wanda ya fi yawa shi zai fara zaɓar ko na nawa yake son ya buga. Duk abin da ka sa ya tafi fa, ko ka ci ko ba ka ci ba. Don haka a shekarar farko ni ban ga amfanin zubar da komai ba, bar masu zumuɗi su yi.

In layi ya zo kanka, fara da ƙirga yankunanka duka, na ƙasa da na ruwa da na wata, ka raba uku, abin da ya fito shi ne sabbin sojojinka kuma shi ne makamashinka, ba ya gaza 3 ko da an kusa cinye ka. In ka riƙe nahiya sukutum akwai ƙari, Asiya 7, Turai da Arewacin Amurka 5-5, Afirka 3, Kudancin Amurka da Ostireliya 2-2, sannan kowace tasha tana ba ka soja ɗaya a kanta. Ka jera su, sai ka shiga kasuwa. Kwamanda makamashi 3 ne, tasha 5, katin kwamanda 1, kuma kati ba ya wuce huɗu a zagaye guda. Kwamandoji biyar ne, ƙasa, ruwa, sama, nukiliya, diflomasiyya, kowanne da tarin katinsa, in ba ka da kwamandan a kan allo ba ka sayen katinsa ba ka kuma buga shi, wato in aka kashe maka shi katin da ke hannunka sun zama hoto har sai ka sake sayo shi. Wasu katin ma sai ka ƙara biya kafin ka buga, saboda haka kar ka sayi abin da ba za ka iya tayarwa ba.

Abin da zan fara saya? Kwamandan ruwa, ba ko tantama. Yankuna 13 ne a teku ba kowa a ciki, tafiya kawai za ka yi ka dasa soja, kuma ba mai shiga sai da wannan kwamandan. Wata ma haka, yankuna 14, sai dai sai kana da kwamandan sama kuma daga tasharka za ka tashi, ka sauka a ɗaya daga wurare uku da aka ware. Kowane yanki maki ɗaya ne a ƙarshe, ko da jini ka same shi ko a ɓagas, to me zai kai ka fasa kai a Turai alhali ga na banza can?

Faɗan kansa ba wuya. Mai kai hari ya jefa dayis har uku, irin na ludo, mai karewa har biyu, a gwada babba da babba, na biye da na biye, wanda ya gaza ya cire soja, in an yi kunnen doki mai gida ne ya ci. Bambancin shi ne akwai dayis mai fuska takwas. Duk kwamanda da shi yake kare kansa, wajen hari kuma na ƙasa a ƙasa, na ruwa a ruwa, na sama a wata, na nukiliya ko'ina, na diflomasiyya dai ba ya samu. Duk sojan da ke zaune kan tasha shi ma da mai takwas ɗin yake karewa, shi ya sa kai hari kan tasha da soja kaɗan asara ce tsagwaronta. In ka ƙwace yankuna uku daga hannun mutane a zagaye ɗaya akwai tukwicin makamashi 1 da kati 1, amma wuraren da ba kowa ba sa cikin lissafi. Daga ƙarshe ka matsar da soja sau ɗaya daga wani yankinka zuwa wani ta hanyar da duk taka ce, shi kenan ka miƙa.

Maganar ƙawance kuma, ku yi ta a fili a gaban kowa, ku kuma yarda tun farko cewa alƙawarin kan allo ana iya karya shi, in ba haka ba wani zai tashi da fushi har gida. Kar ka yarda da Ostireliya a matsayin maɓoya yadda aka saba a tsohon Risk, yanzu ta ruwa ana zagayo mata ta baya. Katin nukiliya kuma wasu sa'a ce ke juya su, kana iya ƙona naka da hannunka.

Tun daga shekara ta huɗu ka fara matse hannu. A gwanjon 2210 kujerar ƙarshe ita ce mai tsada, don wanda ya buga ƙarshe zai baje sojansa ɗaiɗai ko'ina ya kwashi yankuna, ba mai rama masa. In ka ga ba za ka same ta ba, nemi katin tsagaita wuta a tarin diflomasiyya ka adana abin biyansa, kana buga shi ɗan uwanka ba zai taɓa ka a wannan zagayen ba. Mutum na ƙarshe na gamawa kowa ya ƙirga yankunansa, ya haɗa da ƙarin nahiyoyi da na rukunin teku da wata, sannan a fito da katin kwamanda masu ƙara maki da aka ɓoye, wanda ya fi yawa shi ya ci.