Kurakuran da muke yi da littafin tsare-tsare, mu shugabannin sashe

Ranar da aka ba ni shugabancin sashen kimiyya a makarantarmu, abu na farko da na yi shi ne na shiga kasuwa na sayo wata ƙatuwar dayari mai bangon fata, har da ɗan zaren nan na sa alama, na zauna da jan biro da rula ina ta ja mata layi kamar zan kai ta gasa. Sati uku na yi ina rubutu a ciki. Daga nan ta koma ƙasan durowa, ban sake ganinta ba sai ƙarshen shekara, ɓera ya ci gefe ɗaya. Yanzu hadkoba, littafin rubutu mai bango mai tauri, nake amfani da shi, irin na ɗalibai, duk ya yi dauɗa da ƙurar alli amma kullum yana cikin jakata, to bari in faɗa muku inda na ga muna yin tuntuɓe, ni da sauran HOD, wato shugabannin sashe, da muke haɗuwa wajen makin takardun jarrabawa.

Babban kuskure, wanda ya haifi sauran, shi ne mutum ya ɗauki littafin nan kamar ɗaya daga cikin takardun hukuma. Sikim, wato jadawalin darussan kowane sati, yana nan, dayarin makaranta yana nan, lesin not yana nan, rajista tana nan, kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu yawancinsu saboda sufeto ake cika su, shi ya sa za ka ga malami ya rubuta an koyar da abu a sati na biyar alhali a sati na biyar ɗin yana gidan biki a ƙauyensu, kai kuma ka sa hannu da jan biro ka rubuta ka gani. To in ka kwaso wannan halin ka kawo cikin littafinka na tsare-tsare wa kake yaudara? Wannan littafin naka ne, babu mai duba shi, a nan ne za ka rubuta cewa SS2B har yanzu ba su gane lissafin mol na Kemistiri ba duk da sikim ya ce an wuce wajen tun sati biyu, a nan za ka rubuta cewa asid ɗin da ke lab ya kusa ƙarewa, biret, bututun gilashin auna asid, huɗu ne kawai ba sa yoyo. Gyaran mai sauƙi ne, duk ranar Alhamis ka tambayi kowane malami inda ya tsaya, amma kar ka tsaya a bakinsa, karɓi littafin yaro ɗaya ko biyu daga ajin ka buɗe shafin ƙarshe, abin da ka gani a nan shi za ka rubuta. Littafin yaro ba ya kare malami.

Sai maganar ƙirga sati, nan ne na fi shan wuya. Kalanda za ta ce maka tam, wato zangon karatu, sati goma sha biyu ne ko sha uku, sai ka raba darussa sha uku ka zauna kana jin daɗi. Satin farko shara ce da yankan ciyawa da jiran yara su dawo, musamman a makarantar kwana, sati biyun ƙarshe bita ce da jarrabawa, ga hutun tsakiyar tam, ga gwajin CA, wato gwajin aji da ake tara makinsa, a tam na farko ga hutun 1 ga Oktoba, a tam na biyu ga wasannin intahaus da za su cinye maka firiyod ɗin rana kusan sati biyu ana atisayen maci, ga sanyin hunturu da yara ba sa cika aji sai an yi firiyod ɗaya, ranar Juma'a kuma dama rabin yini ce. In ka cire duk wannan, abin da zai rage maka na koyarwa tsakani da Allah bai fi sati takwas ko tara ba. Kuma azumi ba ya zama wuri ɗaya, duk shekara yana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya, don haka tsarin bara ba zai yi maka bana ba, a 2025 ma Kano da Katsina da Kebbi da Bauchi rufe makarantu suka yi saboda azumin, duk wanda ya kwafi tsarin shekarar da ta wuce sai da ya sake lale. Abin da nake yi yanzu, kafin in rubuta ko darasi ɗaya, ina zana satuttukan tam ɗin a shafi biyu masu kallon juna, in bi in kashe duk ranar da na san ba za a yi karatu ba, in bar sati ɗaya fanko saboda abin da ban sani ba, rasuwa ko taron gaggawa ko ruwa ya yaye kwanon aji, sannan abin da ya rage shi muke rabawa da malamai. Kuma da fensir, don sai an goge.

Wani abin kuma, rubuta aiki ba suna ba rana. "A shirya firaktikal." Wa zai shirya? Yaushe? Na taɓa rubuta wannan layin sak, kowa a mitin ya gyaɗa kai, ni ina zaton malamin Kemistiri ya ɗauka shi kuma yana zaton mai kula da lab ne, sai ga takardar WAEC ta kayan da za a tanada ta iso, saura kwanaki kaɗan, muka tarar indiketa, ruwan da ke canza launi a gwajin asid, ta bushe a kwalba babu ko ɗigo, ga shi fitar da kuɗi daga ofis sai an rubuta an jira. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ranar muka fafe, na hau mashin da rana tsaka ina bin makarantun maƙwabta ina aro. Tun daga lokacin kowane layi sai ya ɗauki abu uku, aikin, sunan mai yi, ranar da zan tambaye shi. Firaktikal ɗin SS3 kuwa daga baya nake ƙirgo shi, tunda an san WAEC wajen Mayu da Yuni take NECO ta biyo baya, to lissafin kayan lab tun Janairu yake shiga ofishin firinsifal, in rubuta ranar da na miƙa, in ya manta sai in buɗe shafin in ce Yallaɓai ga ranar da na kawo.

Masu bautar ƙasa da 'yan TP, ɗalibai masu gwajin koyarwa, ma ana mantawa da su. Kofa, wato mai bautar ƙasa, zai zo ka ji daɗi ka danƙa masa Fiziks na SS1 gaba ɗaya, ka manta cewa rukuni-rukuni suke zuwa kuma haka suke tafiya, ba ruwansu da ko tam ya ƙare, wata safiya sai ka ji an ce ai ya gama ya tafi garinsu da takardar makin CA a jakarsa, lambarsa kuma ba ta shiga. Ranar da ya zo ka tambaye shi watan da zai gama ka rubuta, sati biyu kafin nan ka karɓi maki da inda ya tsaya. Makin nan ba abin wasa ba ne tunda ana neman na yaro tun daga SS1 lokacin rajistar WAEC, in ya ɓace ƙirƙira za a yi, kuma zalunci ne.

Akwai wanda ya fi ba ni kunya. Da na fara, sai na mayar da littafin kamar na ɗan sanda, wane ya makara minti ashirin, wance ba ta kawo lesin not ba, har da wani dattijo da ya koyar da ni a sakandare yanzu kuma wai ni ne shugabansa. Rannan na bar littafin a kan tebur a sitaf rum na tafi salla, na dawo na tarar an yi tsit. Bayan an tashi ya kira ni gefe ya ce, Malam, na ga sunana, da ka tambaye ni ai da na faɗa maka asibiti nake kai mai ɗakina kullum da safe. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce Baba a yi haƙuri, ƙuruciya ce, washegari muka zauna da mai taimtebur aka mayar da firiyod ɗinsa bayan birek, magana ta ƙare. Yanzu abin da ya shafi aji nake rubutawa, aji kaza ya rasa firiyod uku ya za a rama, in kuma dole sai na rubuta wani abu a kan mutum to harafi ɗaya nake sawa, kuma littafin ba ya kwana a makaranta.

WhatsApp kuma ba wurin ajiya ba ne, guruf ɗin sashe yana da amfani wajen sanarwa amma abin da aka yanke yana nutsewa cikin barka da Juma'a da hotunan suna, waya ta faɗa ruwa shi ke nan. Duk abin da aka amince a can, a daren ka kwafe shi.

Na ƙarshe shi ne a yi ta rubutu ba a komawa a karanta. Ni Lahadi bayan isha nake zama, minti goma sha biyar, in duba satin da ya wuce, abin da ba a yi ba in ja masa kibiya zuwa gaba, in na ga abu ya sha kibiya sau uku to ko dai in ba wani ko in soke shi, don in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Shafuka biyar na ƙarshen littafin kuma na ware su, duk abin da ya ba mu wahala bana nan yake tafiya, darasin da yara suka fi faɗuwa a jarrabawar mok ta share fage, shagon da ya kawo mana kemikal mai kyau, watan da ya kamata a fara tara ƙwari da ganyaye na Bayoloji kafin ciyawa ta bushe. Wanda na gada bai bar mini komai ba sai makullin lab da wani fayil da babu komai a ciki, da aka yi masa taransifa ko sallama ba mu yi ba. Ni in tawa ta zo, waɗannan shafuka biyar ɗin zan kai a yi wa hoto in miƙa wa wanda ya karɓe ni tare da makullin, sauran littafin kuma in tafi da abina gida.