Yadda mazaunin Legas zai sa hannu a aikin kare zakin dawa daga garinsu

Binciken da masana suka wallafa a shekarar 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a dazuzzukan Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a gandun dajin da ya haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar. A Najeriya kuwa wurare biyu kaɗai aka tabbatar da su, wato gandun dajin Tafkin Kainji da na Yankari a Jihar Bauchi. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu fataken shanu na Oko-Oba a Agege da 'yan kasuwar Mile 12 sun fito ne daga irin waɗannan yankuna, suna da dabbobi a hannun makiyaya a gida, kuma maganarsu tana da nauyi a wurin ardo da dagaci. Su nake nufi da wannan bayani.

Abu na farko shi ne a fara da shanu, ba da zaki ba. Makiyayin da aka kashe wa saniya mai ciki da dare ba ya jin wa'azi a kan darajar namun daji, kuma abin da yakan biyo baya shi ne a zuba maganin ƙwari na gona a mushen, ya kashe zaki da kura da ungulu gaba ɗaya. Saboda haka idan ka je gida, ka zauna da ardo da sarkin baka da mai gari, ka tambaye su inda ake yin ɓarna, da lokacin da ake yinta, da dabbar da ake zargi.

Daga nan sai a gyara makwancin dabbobi, domin a nan ne kuɗin mai zaman Legas ya fi amfani. Shingen ƙaya yakan ruɓe, kuma idan shanu suka ji warin zaki suka firgita, su da kansu suke tattake shi su fantsama cikin duhu. A arewacin Tanzaniya makiyayan Masai sun magance wannan ta hanyar dasa rassan itace masu tsiro a kewaye, suka ɗaura wayar raga a jikinsu. Itacen dangin dashi ne, wanda kakanninmu suka daɗe suna yin shinge da shi. A sari rassan da rani, a kafa su kusa da juna, a binne gindin wayar a ƙasa don kada kura ta tona, a kuma yi ƙofa mai ƙarfi, domin galibi ta nan ake samun sakaci. Idan da hali a ƙara fitilu masu aiki da hasken rana waɗanda ke walƙiya ɗaya bayan ɗaya, dabarar da Richard Turere ya ƙirƙiro tun yana yaro a gefen gandun dajin Nairobi, don zaki ya ɗauka mutum ne ke zagayawa da tocila.

Sannan a nemi samari 'yan gari, musamman 'ya'yan mafarauta, a yanka musu albashi. Wannan shi ne tsarin ƙungiyar Lion Guardians da aka kafa a Kenya a 2007, inda mayaƙan Masai da a da suke farautar zaki suka koma bin sawunsa da sassafe, suna gargaɗin makiyaya su kauce wa inda yake, suna nemo dabbobin da suka ɓata kafin magariba. Ya kamata samarin namu su iya bambance ɓarna, domin ana yawan ɗora wa zaki laifin kura. Sawun zaki faffaɗa ne, ba ya nuna farce, na kura kuwa da farce a bayyane. Zaki yakan shaƙe saniya ta maƙogwaro ko ta hanci. Su ɗauki hoto da waya, su sanar da ma'aikatan gandun daji, kuma kada su shiga cikin gandun sai da izini, balle a yankin Kainji da ake fama da matsalar tsaro.

Wajibi ne kuma a hana ɗana tarkon waya, domin idan ɓauna da gwanki da kanki suka ƙare, dole zaki ya waiwayi garke.

Sauran aikin a nan Legas yake. Ƙungiyar 'yan gari tana iya ware wani abu daga gudummawar wata-wata don sayen waya da biyan samarin, a ba ma'aji amintacce, a riƙa karanta lissafi a taro. Don neman shawarar ƙwararru, hedikwatar ƙungiyar kare muhalli da namun daji ta Nigerian Conservation Foundation tana Lekki. Duk wanda aka tallata masa man zaki ko fatarsa a shimfiɗar masu magani, ina roƙonsa ya ƙi saye, ko da yana zaton jabu ne, domin cinikin nan shi ke sa mafarauci ya shiga daji neman na gaskiya.