Yadda zaka gyara hoton tsofaffin gem na DOS a monita ta zamani

Gem na DOS (tsohon tsarin kwamfuta kafin Windows) irin su Doom na 1993 an yi su ne a kan 320x200, wato yawan ɗigon hoto a faɗi da tsayi, don tsohuwar monita mai ƙeya wadda fuskarta 4:3 ce, to kai kuma taka 16:9 ce shi yasa in ka buɗe sai ka ga komai ya baje, mutane sun koma gajeru masu faɗi, hoton kuma dishi-dishi.

Da farko ka sauke DOSBox, manhajar da ke buɗe gem na DOS a kwamfutar zamani. In ka gama instolin ka shiga Start ka nemo DOSBox Options, zai buɗe maka fayil a Notepad, kar yawan rubutun ya tsorata ka layi huɗu kawai zaka taɓa.

fullscreen ka mayar dashi true, fullresolution kuma desktop.

Sai output, ka rubuta openglnb. Wannan shi ke hana hoton yin hazo, ɗigo-ɗigon su fito tsaf kamar yadda masu gem ɗin suka zana.

Na huɗun shine aspect=true kuma wallahi yafi sauran muhimmanci, don 320x200 in aka barshi haka ba 4:3 bane, tsohuwar monita ce ke miƙa shi tsaye, in baka sa ba da'ira zata fito a taushe. Zaka ga baƙi hagu da dama, don Allah ka barshi, kar ka ja hoton wai sai ya cika sikirin.

Kayi sebin ka rufe ka sake buɗe gem ɗin a DOSBox. Alt da Enter ke fitar da kai daga cikakken sikirin.