Yadda na gyara ƙwallon golf mai karkacewa dama

Ƙwallo takan tashi ta hagu, sai ta lanƙwasa ta faɗa dama. Laifin ba na riƙon sanda ba ne, na hanyar da sandar ke bi wajen saukowa ne.

Na kafa waya a bayana, daidai tsayin hannuwa, a kan layin da ya ratsa hannuwan zuwa inda ake hari, na ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya ina bugu da sandar golf mai kan ƙarfe, mai lamba 7. Wurin kafa wayar nan shi ne komai: in ta goce da taku ɗaya, hoton zai yi maka ƙarya.

A bidiyon ƙwararru, dab da bugu, sandar da sangalin hannun dama kan hau kusan layi ɗaya. A nawa kuwa gwiwar hannun ta buɗe baya kamar fiffiken kaza, sandar ta sauko ta waje, wato nesa da jikina, ta yanki ƙwallon.

Sai na naɗe ƙaramin tawul na maƙale a hammatar dama, ina yin rabin lilo, wato ɗaga sandar rabi kawai kafin bugu, sau 30 kullum. In tawul ya faɗi kafin bugu, gwiwar ta gudu ke nan. Kada a matse shi da ƙarfi, kafaɗa za ta ƙi juyawa. Na kuma ajiye kwalin takalmi a gefen waje na ƙwallon, tazarar yatsu uku. Sandar da ta zo ta waje dole ta doke shi.

A busasshiyar ƙasar Gombe lokacin hunturu, a ɗora ƙwallon kan ɗan turke, don kada tsintsiyar hannu ta sha jijjiga. Mai bugu da hagu sai ya juya lissafin.